Babi na Shida: Yadda Sankarar Furostet Ke Sake Hanya

A ƙarshen shekarun 1930, wani likitan tiyata a Jami'ar Shikago ta Amurka, Charles Huggins, ya duƙufa kan binciken karnuka. Kare na cikin dabbobi ƙalilan da furostet ɗinsu ke kumbura idan sun tsufa, kamar yadda take yi wa ɗan Adam. Furostet ita ce 'yar tsokar nan da ke zaune ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kewaye bututun fitsari, tana samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Huggins ya yi wa karnukan aiki ta yadda zai riƙa tarar ruwan da take fitarwa yana aunawa. Da ya dandaƙe kare, sai ruwan ya ƙafe, tsokar ta motse. Da ya yi masa allurar sinadarin namiji, wato testosteron, sai ta farfaɗo ta ci gaba da aiki.

Kowane makiyayi ya san ragon da aka dandaƙe yakan sauya jiki da hali. Abin da Huggins ya ƙara a kai tambaya ce: idan lafiyayyar furostet ba ta rayuwa sai da sinadarin namiji, sankarar da ta tsiro daga jikinta fa?

A 1941 shi da Clarence Hodges suka fitar da amsa. Sun ɗauki mazan da cutar ta riga ta shiga ƙasusuwansu, wasu aka cire musu 'ya'yan maraina, wasu aka ba su sinadarin mata, estirojin, wanda ke danne na maza. Akwai wani sinadari a jini, asid fosfatas, da yawansa ke hawa idan wannan cuta ta kama ƙashi. Bayan aikin sai ya sauka. Da aka yi wa wasu allurar testosteron, sai ya sake hawa. A wani rahoton na wannan shekara kan marasa lafiya 21 da aka yi wa aikin, akasarinsu sun samu sauƙi ƙwarai: ciwon ƙashi ya lafa, cin abinci ya dawo, jiki ya murmure.  An ba Huggins lambar Nobel a 1966.

Daga baya aka samu hanyar yin wannan aiki ba da wuƙa ba. Binciken Andrew Schally kan sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aikawa don a samar da testosteron shi ya haifar da allurai irin su lufurolid da gosarelin, waɗanda masu jinya suka fi sani da allurar wata-wata ko ta wata uku. Da tiyatar da allurar duk manufa ɗaya ce. Kuma dukansu suna da iyaka ɗaya, wadda Huggins kansa ya gani: a mai cutar da ta bazu, galibi bayan shekara ɗaya zuwa biyu, sai ta dawo.

A nan ne dangi kan ce an cire wa mahaifinsu abu a banza. Maganar tana da ciwo, kuma ba gaskiya ba ce. Aikin ya yi, ya saya wa mutumin lokaci da sauƙi. Abin da ya faru bayansa yana da bayani, bayanin kuwa yana cikin hanyoyin da saƙo ke bi a cikin ƙwayar jiki.

Ƙwayar jiki ba ta rabuwa gida biyu, ba ta barin mazauninta, ba ta ma mutuwa, sai da umarni. Umarnin yakan taso daga waje, ya bi ta hannun furotin ɗaya zuwa wani, har ya kai cibiyar ƙwayar inda DNA yake. Wanda ya san yadda magana ke saukowa daga fada ya riga ya gane tsarin: sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, mai unguwa ya sa a yi shela. Idan wani a tsakiya ya fara ba da umarni ba tare da an aiko shi ba, ko wanda ke da ikon cewa a dakata ya ɓace, jama'a za su ci gaba da aiki bisa saƙon da ba wanda ya turo. Irin wannan jerin hannaye masana ke kira hanyar saƙo, kuma sankara, a taƙaice, lalacewar waɗannan hanyoyi ce.

A furostet babbar hanya ita ce ta makarɓin androjin, wanda ake taƙaitawa da AR. Androjin sunan dangin sinadaran maza ne baki ɗaya. Mu bi saƙon sannu a hankali. Testosteron ya fito daga 'ya'yan maraina, inda ake samar da sama da kashi 90 cikin 100 nasa, ya bi jini, ya ratsa fatar ƙwayar furostet. A ciki wani enzayim ya juya shi zuwa DHT, wanda ya fi shi ƙarfin kamu. Shi kuwa AR yana nan zaune cikin ruwan ƙwayar, wasu furotin sun riƙe shi sun hana shi motsi. A jikinsa akwai wani ɗan aljihu daidai girman DHT. Da zarar DHT ya faɗa aljihun, siffar AR ta sauya, masu riƙe da shi su sake shi, ya haɗu da ɗan'uwansa su zama biyu, su shige cibiya, su zauna a wurare na musamman a kan DNA, su kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Ɗaya daga cikin waɗanda suke kunnawa shi ke samar da PSA, abin da ake aunawa a gwajin jini. A lafiyayyar furostet, wannan saƙo yana cewa ne ƙwaya ta balaga ta yi aikinta. A cikin sankara saƙon ya karkace, ya koma cewa ta hayayyafa kada ta mutu.

Yadda yake karkacewa an gano wani ɓangarensa a 2005, a ɗakin binciken Arul Chinnaiyan na Jami'ar Mishigan. A kuromosom na 21 akwai ƙwayoyin gado biyu da ba su da nisa da juna. Ɗaya, TMPRSS2, tana amsa kiran AR. Ɗayar, ERG, tana ba ƙwaya ikon motsi da kutsawa, kuma a furostet a kashe take. Sai DNA ya tsinke, a wajen ɗinkewa makunnin TMPRSS2 ya manne da jikin ERG. Daga ranar, duk lokacin da sinadarin namiji ya yi kira, ERG ce ke tashi. An samu wannan haɗi a kusan rabin sankarar furostet ta Turawa. Za mu koma kan batun Turawan nan gaba.

Shekaru da yawa likitoci suna ɗauka cewa cutar da ta dawo bayan an yanke testosteron ta daina buƙatarsa ke nan, har sunan da suka ba ta ma haka yake nufi. Alhali hujjar akasin haka tana kan takardar gwajin da suke riƙe da ita. Alamar farko ta dawowar cutar ita ce PSA ya hau, PSA kuwa AR ne ke kunna shi. Ashe AR ya farka, ko da yake jinin mutumin babu testosteron sai ɗan abin da ba a rasa ba.

A 1995 Tapio Visakorpi da abokan aikinsa a ƙasar Finlan suka duba tsokar sankarar da ta dawo a jikin mutum 23. A bakwai daga ciki, ƙwayar gadon AR ta ninka kanta sau da yawa, abin da ba a gani ba a tsokar da aka ɗiba kafin magani. Ƙwayar da ke da makarɓai masu ɗimbin yawa ɗan ɗigon sinadari ya ishe ta. A 2004 ɗakin binciken Charles Sawyers a Los Anjalis ya nuna cewa ƙaruwar yawan AR kaɗai ta isa ta sa sankarar ta bijire wa magani. Wasu masu binciken kuma suka auna cikin tsokar da ta bazu, suka tarar da androjin a ciki, a jikin mazan da jininsu babu shi. Sankarar tana karɓar raunanan sinadaran da adirinal ke fitarwa, wato ƙananan tsokokin nan biyu da ke bisa ƙoda, ta sarrafa su su zama testosteron da DHT. Ta koma tana samar wa kanta abin da aka hana ta.

Wannan fahimta ce ta haifar da magunguna biyu da suka sauya jinyar cutar. Abirateron, wanda aka ƙirƙira a Cibiyar Binciken Sankara ta Landan tun farkon shekarun 1990, yana toshe enzayim CYP17A1, wanda babu androjin da za a iya haɗawa sai da shi, a maraina ne, a adirinal ne, ko a cikin sankarar kanta. An amince da shi a Amurka a 2011, bayan gwajin da ya nuna tsakatsakin rayuwar masu shansa ya kai wata 14.8, na waɗanda ba su sha ba wata 10.9. Enzalutamaid kuwa, wanda Sawyers ya samar tare da masanin haɗa sinadarai Michael Jung, yana shiga aljihun AR ne ya toshe shi, ya hana shi shiga cibiya. Ya samu amincewa a 2012, da wata 18.4 a kan 13.6. Wani zai raina wata huɗu ko biyar. Amma waɗannan mutane ne da aka riga aka gwada musu komai har da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Da aka dawo da abirateron farkon jinya, tare da allurar yanke testosteron, manyan gwaje-gwaje biyu a 2017, LATITUDE da STAMPEDE, sun nuna ribar ta fi haka nesa ba kusa ba.

Su ma waɗannan magunguna cutar takan kuɓuce musu, kuma dabarun da take bi suna da ban mamaki. Wani lokaci harafi ɗaya ne ke sauyawa a rubutun AR, aljihun ya ɗan canza siffa, sai maganin da aka sa ya toshe shi ya koma shi ke kunna shi. Tun 1993 likitoci suka lura cewa wasu masu shan tsohon maganin fulutamaid, idan cutar ta taso aka dakatar da maganin, sai PSA ya sauka. An ga irin wannan sauyi daga baya game da enzalutamaid. Wani lokaci kuma makarɓin wani sinadarin daban, na kotisol, wanda ɗan'uwan AR ne na kusa, shi ke hawa wuraren da AR ya saba zama a kan DNA ya ci gaba da aikinsa, kamar yadda aka nuna a 2013.

Mafi tsanani ita ce dabarar da ake kira AR-V7. A nan ƙwayar takan samar da guntun AR wanda ba shi da aljihun gaba ɗaya. Ba ya jiran DHT, yana cikin cibiya dare da rana yana ba da umarni. Abirateron ba shi da amfani a kansa tunda ba ya buƙatar sinadari, enzalutamaid kuma ba shi da inda zai kama. A 2014 Emmanuel Antonarakis na Jami'ar Johns Hopkins ya tace ƙwayoyin sankara daga jinin maza 62 da za su fara ɗaya daga cikin magungunan biyu. Mutum 18 suna da AR-V7, kuma ko ɗaya a cikinsu PSA ɗinsa bai amsa maganin ba.

Ya kamata a gane cewa ƙwayar sankara ba tunani take yi ba. A cikin biliyoyin ƙwayoyi, kowace da 'yan kurakuranta na DNA, magani yakan kashe masu rauni, ya bar wadda kuskurenta ya zo daidai da kuɓuta, ita kuma ta cika wurin da zuriyarta.

A gefen hanyar AR akwai wata da ba ruwanta da sinadarin namiji. Idan saƙon girma ya taɓa fatar ƙwaya, enzayim PI3K yakan liƙa wa wani kitse na fatar ƙwayar fosfet ɗaya. Wannan alama ce ke jawo furotin AKT, shi kuma ya tayar da mTOR, ƙwaya ta shiga ƙera furotin, ta ƙara shan sukari, ta toshe kunne ga umarnin mutuwa. Mai goge wannan alama shi ne PTEN, wanda aka gano a 1997 a kuromosom na 10. Idan PTEN ya ɓace, alamar ba ta gogewa. A 2015 wani babban ayarin masu bincike a Amurka da Ingila ya karanta DNA na tsokar da ta bazu daga maza 150 da cutarsu ta bijire. Kimanin kashi 63 cikin 100 suna da sauyi a AR, kusan kashi 40 kuma sun rasa PTEN.

Brett Carver da Sawyers sun nuna a 2011 cewa hanyoyin biyu suna lura da juna: ka danne AR, AKT ya tashi, ka danne PI3K, AR ya ƙara ƙarfi. Hankali sai ya ce a toshe su tare. An gwada. A gwajin da aka buga a 2021, an haɗa abirateron da maganin toshe AKT mai suna ifatasatib, kuma a masu rashin PTEN lokacin da cutar ta ɗauka kafin ta ci gaba ya tashi daga wata 16.5 zuwa 18.5, tare da gudawa, ƙuraje da hawan sukari. Ribar ba ta kai yadda aka sa rai ba. AKT yana cikin hanyar da insulin ke bi a duk jiki, saboda haka ba a iya danne shi sosai ba tare da an taɓa lafiyayyun sassa ba.

Duk wannan bayanin girma ne. Barin gida wani aiki ne daban. Ƙwayoyin furostet a manne suke da juna ta hanyar wani furotin, E-kadherin, suna zaune kan wani siririn shimfiɗi da ya raba su da jijiyoyin jini. Kafin ƙwaya ta yi tafiya sai ta rage wannan manni, ta miƙe ta yi tsawo, ta fitar da enzayim masu narka shimfiɗin. Masu kunna wannan shiri su ne furotin irin su SNAIL, TWIST da ZEB1, ɗaya daga cikin masu tayar da su kuma shi ne TGF-beta. Shi wannan fuska biyu gare shi: a lafiyayyar ƙwaya hana rabuwa yake yi, ta hannun SMAD4, amma idan cuta ta yi nisa sai ya koma mai taimakon kutse. A 2011 ɗakin binciken Ronald DePinho a Boston ya nuna cewa ɓeran da aka cire wa PTEN kaɗai a furostet yakan yi sankara mai tafiyar hawainiya, amma idan aka haɗa da cire SMAD4 sai ta bazu zuwa kaluluwa, wani lokaci har huhu.

Ina ƙwayar ke zuwa idan ta shiga jini? A birnin Basel na ƙasar Suwizalan an tattara sakamakon binciken gawa sama da 19,000, aka buga a 2000. An samu sankarar furostet a 1,589. A cikin waɗanda ta bazu ta jini, kashi 90 cikin 100 tana ƙashi, kashi 46 a huhu, kashi 25 a hanta. Wanda ya taɓa ganin hoton ƙashin irin wannan majiyyaci ba ya mantawa. A kan farar takarda ga siffar ƙwarangwal a dishi-dishi, sai baƙaƙen ɗigo sun jeru a gadon baya, sun taru a ƙugu, sun warwatsu a haƙarƙari da kan cinya, alhali tafin hannu da tafin ƙafa fes.

Bayani biyu ne, kuma kowanne da gaskiyarsa. Na farko na hanya ne. A 1940 Oscar Batson, masanin sassan jiki a Filadelfiya, ya ɗura rini a jijiyar al'aurar gawa, ya ga rinin ya bi wasu jijiyoyi da ke kewaye da ƙashin baya. Waɗannan jijiyoyi ba su da 'yan murafan da ke hana jini komawa baya, don haka tari ko yunƙuri na iya tura jinin ƙugu cikinsu kai tsaye. Na biyu ya girme shi. Tun 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya ce ƙwayar sankara iri ce, ba ta tsira sai a ƙasar da ta karɓe ta. Abin da Paget bai da hanyar sani shi ne me ke cikin ɓargo da ke karɓar wannan iri.

Yanzu an san da yawa. Ƙwayoyin ɓargo suna fitar da wani sinadarin kira, CXCL12, wanda aikinsa na asali shi ne jawo iyayen ƙwayoyin jini su zauna a mazauninsu. Ƙwayar sankarar furostet tana ɗauke da makarɓin wannan kira, CXCR4. Russell Taichman na Mishigan ya nuna haka a 2002, sannan a 2011 ɗakin bincikensa ya nuna a jikin ɓera cewa ƙwayoyin sankarar suna ƙwace ainihin mazaunin iyayen jinin. A can suna iya kwantawa shiru shekara da shekaru. Shi ya sa mutum kan yi tiyata a cire furostet, ya yi shekaru lafiya lau, sannan cutar ta ɓullo a ƙashi.

Idan ta farka sai ta shiga tsakanin ma'aikata biyu da ke kula da ƙashi: masu ginawa da masu rushewa, waɗanda a lafiyayyen jiki aikinsu daidai yake tafiya. Sankarar tana tura wa masu gini saƙonni irin su endotilin-1, BMP da Wnt, su shiga gini ba tsari. Masu ginin kuma su fitar da RANKL, wanda ke tayar da masu rushewa. Ƙashi ma'aji ne na sinadaran girma, musamman TGF-beta da IGF, don haka duk inda aka rushe sai su zubo, sankarar ta sha, ta ƙara yawa, ta ƙara tura saƙo. Haka abin zai yi ta zagayawa. A hoton eksire ƙashin yakan fito fari tas kamar ya ƙara ƙwari, alhali sabon ginin barkatai ne, yana karyewa cikin sauƙi. Ɓargon da aka mamaye kuma ya kasa samar da jini, mutum ya ɗashe.

An kai wa wannan zagaye hari ta wurare da dama. Denosumab yana kama RANKL, zoledironik asid yana kashe masu rushewa. Dukansu suna jinkirta karaya, amma ba su ƙara tsawon rai ba. Atirasentan, mai toshe endotilin, ya faɗi a manyan gwaje-gwaje duk da kyan hujjar da aka gina shi a kai. Wanda ya yi nasara shi ne radiyom-223, wanda jiki ke ɗauka kamar kalsiyom ya kai shi inda ake sabon gini, ya ƙone abin da ke kusa. A 2013 ya nuna wata 14.9 a kan 11.3.

Akwai abin da nake so kowane mai karatu ya riƙe daga wannan sashe. Dattijon da ke fama da fitsari, ko aka taɓa sa masa roba, idan ya fara ciwon baya mai tsananta da dare, kada a ce sanyi ne ko tsufa. Idan kuwa ƙafafu suka fara nauyi ko dindiris, ko fitsari da bayan gida suka fara kuɓucewa, mai yiwuwa ƙashin baya ne ya danne laka. Wannan na awoyi ne, ba na makonni ba. Wanda aka kai asibiti yana iya takawa, galibi yakan ci gaba da takawa bayan gashi ko tiyata. Wanda aka kai ƙafafu sun riga sun mutu, da wuya su dawo.

Mu koma kan bazuwar cutar. Wani binciken 2015 ya ƙara rikita lamarin. An karanta DNA na tsoka 51 daga gawar maza 10, aka zana bishiyar dangantakarsu. Sai ga shi sankarar da ke ƙashi ita ma tana aika 'ya'ya zuwa wani ƙashin, kuma a rabin mutanen ƙungiyoyin ƙwayoyi daban-daban ne suka yi tafiya tare. A jikin mutum ɗaya ana iya samun dabarun bijirewa iri-iri a wurare daban-daban.

Sai ƙaramin kaso da ke yin abin da tsoffin likitoci suka zata dukansu ke yi, wato rabuwa da AR kwata-kwata. Rahotanni biyu a 2017 sun nuna cewa idan ƙwaya ta rasa ƙwayoyin gado biyu, RB1 da TP53, tare, furotin SOX2 da EZH2 kan tashi su sake tsara waɗanne ƙwayoyin gado ne a buɗe, waɗanne a rufe, har ƙwayar ta manta ita 'yar furostet ce, ta ɗauki kamannin ƙwayar jijiya. Wani bincike a 2018 ya samu wannan nau'i a kusan kashi 17 cikin 100 na tsokar da aka ɗiba daga masu cutar da ta bijire. Tana son hanta, tana sauri, kuma tunda ba AR, ba ta fitar da PSA sosai. Majiyyaci na ramewa, takardar gwaji na cewa lafiya. Likitan da ya ga haka yakan nemi a sake ɗibar tsoka, domin maganin wannan nau'i kemo ne mai filatinom.

Hanya ta ƙarshe da za mu taɓa ta shafi iyali. A binciken maza 150 ɗin nan, kusan kashi ɗaya cikin biyar suna da lahani a ƙwayoyin gadon da ke gyara DNA idan ya tsinke, mafi yawa BRCA2. A 2016 aka gwada maza 692 masu cutar da ta bazu, aka samu kashi 11.8 cikin 100 da irin wannan lahani aka haife su. Ƙwayar da ta rasa BRCA2 ta dogara ne ga wani mai gyaran, PARP. A toshe shi, tsinkewar DNA ta taru har ƙwayar ta mutu, lafiyayyun ƙwayoyi kuma su tsira. A kan haka aka amince da olafarib a 2020. BRCA2 ɗin nan shi ne dai na sankarar mama da ta ƙwan mace, kuma kowane ɗa ko 'ya na mai ɗauke da shi yana da rabi da rabi na gadonsa. Gidan da uba ya yi sankarar furostet mai zafi, goggo ta yi ta mama tun da ƙuruciya, ya kamata likita ya ji wannan tarihi.

Kusan duk alƙaluman da suka gabata daga jikin Turawa aka samo su. Ga shi kuwa wannan ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya, akasarinsu kuma ba sa isa asibiti sai ta riga ta bazu. A Amurka baƙar fata sun kusa ninka farare mutuwa da ita. Kwamitin mujallar Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa sababbin masu kamuwa a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, ƙarin kuma zai fi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ɗan abin da aka bincika ya nuna akwai bambanci. Tun 2006 aka gano wani yanki a kuromosom na 8, kusa da ƙwayar gadon MYC mai ingiza girma, da ke ƙara haɗari ga maza 'yan asalin Afirka. Ayarin Vanessa Hayes ya buga a 2022 sakamakon karanta DNA na marasa lafiya 183, waɗanda 113 daga cikinsu baƙaƙen Afirka ta Kudu ne, ya samu sauye-sauye sun fi yawa a tsokarsu, da salon da ba a gani a ta Turawa. Haɗin TMPRSS2 da ERG kuwa, wanda ke rabin Turawa, binciken da aka yi kan mazan Gana ya same shi a kashi 18 cikin 100 kacal.

Hanyar AR dai tana aiki a jikin mazanmu kamar yadda take a ko'ina. Cire 'ya'yan maraina, wanda har yanzu ake yawan yi a asibitocinmu saboda sau ɗaya ake biya, yana sauke testosteron kamar yadda allura mai tsada ke yi, kuma ba ƙaramin magani ba ne. Abirateron ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019, akwai kuma samfuransa masu rahusa. Abin da ya rage a auna shi ne sauran hanyoyin: mazan Kano nawa ne suka rasa PTEN, na Maraɗi nawa ke ɗauke da lahanin BRCA2. Gano BRCA2 sai da na'urar karanta DNA. Amma ERG da PTEN ana iya ganinsu ta hanyar rina siririn yankin tsoka a duba da madubin likita, kuma da rini aka yi binciken Gana. Tsokar da ake ɗiba don tabbatar da cutar ba a zubar da ita, a cikin kaki ake daskarar da ita a adana a sashen gwajin tsoka na asibitocin koyarwa irin na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri, kuma ko bayan shekaru ana iya yanko ta a rina.